"Da Sauƙi" Ta Kusa Kashe Mini Miji

Da sunan Allah nake farawa, shi ke saukar da cuta, shi ke ɗauke ta. Sunana Hajara, haifaffiyar Salaga, aure ne ya kai ni Yendi. Ni ba marubuciya ba ce, man kaɗe da gyaɗa nake sayarwa a kasuwa. Saboda matan sojoji 'yan'uwana na zauna rubuta wannan, da duk wanda yake da majinyaci a ɗaki. Mijina yana raye, alhamdu lillahi, amma ba mutumin da ya tafi Bawku ba ne ya dawo mini, kuma ina so a san ta inda aka yi asarar.

Ba zan faɗi sunansa ba, a gidanmu mace ba ta kiran sunan miji. Kofur kowa ke ce masa, igiya biyu gare shi, yana jiran ta uku. Mahaifinsa babban malami ne a unguwarmu, Dagomba na ce masa Afa, mu muna cewa Malam. A gidan Malam muke zaune da yaranmu, ɗakinmu yana jikin zaure, duk abin da aka faɗa can yana shigo mini ta taga.

Da aka tura su Kofur Bawku saboda rigimar da ba ta ƙarewa, na yi wata da watanni ina tsoron harsashi. Ashe jaki ne zai kayar da shi. Suna sintiri da damina, amalanken jaki ya faɗo musu a kwana, direba ya kauce, motar ta kife a rami. Muka kama hanya ni da Malam ta Gushegu, shingen bincike bayan shinge, ga dokar hana fita tana jiranmu a gaba. Muka same shi a asibiti, hannun hagu a karye, ƙafar dama ta tsage daga gwiwa zuwa ƙwauri. Sai wani ɗan ƙullutu a saman kunnen hagu, bai wuce ƙwan zabo ba. Abokansa suka ce ya ɗan suma, ya farfaɗo, har ya taya su jawo direba. Kowa ƙafar yake kallo, don ita ke da jini.

A nan muka haɗu da mutanen jami'a. Wata likita ce 'yar kudu mai furfura, da nas ɗinta Sista Abena. Suka ce suna bincike tare da likitocin soja a kan waɗanda suka bugu a ka. Wai soja yakan bugu, a sallame shi garau, bayan makonni ya yanke jiki ya faɗi. Na'urar ɗaukar hoton cikin kai tana nesa, ba za a iya kwashe kowa a kai shi ba, shi ya sa suke so su gane alamun da ke nuna wanda za a yi gaggawar turawa. Abin da suke nema kawai a yarda su riƙa bugo waya kowane mako. Kofur ya yarda. Wayarsa ta farfashe a hatsarin, sai suka nemi wata lamba. Tawa wayar tana hannuna, amma wace suruka ce za ta yi caraf ta miƙa lambarta Malam yana tsaye? Malam ya ba da tasa.

Likitar ba ta jin Hausa. Sista Abena ce mai fassara, ita kuma a kasuwar Kumasi da bariki ta tsinci tata Hausar, irin wadda ba ta san mace da namiji ba. "Kai ne mata na soja?" ta ce mini, har na kusa dariya a gaban Malam. Daga baya na ji wai likitar ta gargaɗi Kofur da Turanci, in ciwon kai ya yi ta ƙaruwa a garzaya da shi. Lokacin ina bakin famfo ina wanke masa kwanuka, shi kuma bai taɓa gaya mini ba.

Makon farko a Yendi gidan ya cika da 'yan dubiya. Wanda ya san mu ya san yadda ake yi: mai dubiya ya ce ya jiki, a ce masa da sauƙi. Ko gobe za a yi wa mutum wanka a kai shi, yau da sauƙi za a ce. Ba labari ba ne, ladabi ne ga Ubangiji. Wanda yake son sanin gaskiya ya kalli fuskar mai jinya, ko ya ja ta gefe. Ranar Alhamis da hantsi wayar Malam ta yi ƙara a zaure, ya saka ta a murya mai ƙarfi don kunnensa ya yi nauyi, sai ga muryar Sista Abena.

"Baba, yaya jiki na soja?"

"Da sauƙi, alhamdu lillahi."

"Kai na shi yana ciwo?"

"Sai godiya, 'yata."

Na ji ta ce madalla da murna, ta kashe. A makon nan kam da sauƙin ne, ciwon kan ɗan kaɗan ne, ban ɗauki abin a bakin komai ba.

Mako na biyu ya fara riƙe kai da asuba. Ya sa aka sayo masa ƙwayar ciwon kai a shagon magani, yana watsa ta a baki kamar gyaɗa. Mutumin da ba ya iya zaman minti biyar sai ga shi yana barci har azahar ta wuce. Da Alhamis ta zagayo Sista Abena ta nemi a ba ta shi, Malam ya ce yana hutawa, ta ce hutu yana da kyau paa, wato sosai. Wani makon da aka ci sa'a yana farke, da kansa ya karɓa, ya gyara zama kamar yana gaban ofisa, ya ce mata garau yake. Da na yi masa magana a ɗaki ya ce in aka rubuta kansa ya taɓu, igiya ta uku ta tafi ke nan, wataƙila ma aikin gaba ɗaya. Na ce kai ko igiya, wanne za ka zaɓa? Ya daka mini tsawar da bai taɓa yi mini ba tun aurenmu, har autarmu ta fashe da kuka.

Abin da ya fi cin raina yanzu shi ne kowace alama ta zo da uzurinta a hannu. Silifas yana zamewa daga ƙafar dama, muka ce ai ita ce mai rauni. Lomar tuwo tana suɓuce masa kafin ta kai baki, muka ce hannu ɗaya ke aikin biyu, ya gaji. Faɗa kuwa, aka ce wanda ya ga abin da ake gani a Bawku dole zuciyarsa ta yi zafi. Ranar wankin raunin ƙafa muka kama layi a asibiti tun bayan asuba, ba mu shiga ba sai da rana ta take. Na shiga tare da shi, na yi ta maza na ce kansa yana ciwo, takalmi kuma yana faɗuwa. Kofur ya harare ni, ya ce ɗan kaɗan ne. Aka gwada jini aka ga zazzaɓin sauro, wanda da damina ko ni aka gwada za a gani. Aka ba mu magani, aka kira na gaba. Ban ga laifin ma'aikacin ba, layi ne har bakin ƙofa, kuma majinyacin da bakinsa ya ce ba komai.

Sai ranar da ya nuna buta ya ce in miƙo masa bokiti. Na yi dariya, shi bai yi ba. Ya sake dubanta, bakinsa yana motsi, kalmar ta ƙi zuwa. Na je wurin Hajiya, uwarsa, na roƙe ta ta gaya wa Malam, in mutanen nan suka bugo a faɗa musu gaskiya. Ni dai ba zan iya tsayawa gabansa in gyara masa magana ba, ko ido ba ma haɗawa. Hajiya ta dawo da amsa: Malam ya ce ba a kai ƙarar Allah wurin bawa, kuma baki yana jawo abin da ya ambata. Alhamis ta zo, ina daka a tsakar gida, na ji shi ta zaure yana cewa da sauƙi. Ban ce Malam ya yi ƙarya ba, Allah ya tsare ni. Shi addu'a yake yi, ita kuma tana ɗauka labari ne. Na ci gaba da daka ina hawaye, haushin kowa nake ji, har da yarinyar da ke can kudu tana murna.

Shawara kuwa, kowa ya zama likita. Gwaggonsa ta ce iskar Bawku ce ta biyo shi, a yi hayaƙi. Wani abokinsa ya ce sammu ne daga masu hassadar igiya. Malam ya yi rubutu, da hannuna nake ba shi, har yau ban raina shi ba. Ana cikin haka yayana Inusa, mai fataucin doya, ya biyo daga Salaga. Ya dubi Kofur ya ce wannan mataccen jini ne ya taru a ka, akwai wani tsohon wanzami a garinmu, ƙaho biyu a ƙeya ya gama. Allah sarki, Yaya ya canki ciwon daidai, maganin ne ya ɓata. Malam ya amince, muka bi ta Bimbila a motar doya. Sau da yawa muka tsaya a hanya yana amai, aka ce wahalar hanya ce.

Gidanmu na Salaga tsohon gidan fataken goro ne, yanzu doya da hatsi suka gaje shi. Washegari da safe wanzami ya zo, ya shimfiɗa ƙahonni da aska a gindin darbejiya, aka zaunar da Kofur a kan turmi, ana jiƙa masa ƙeya. Ni ko ranar ban tuna ba, ashe Alhamis ce. Sista Abena ta bugi Malam, ya ce mata da sauƙi, sun ma tafi Salaga. Ta ce wannan makon dole ta ji muryar soja, akwai kalmomin da zai maimaita mata, sai Malam ya ba ta lambar Yaya. Wayar ta yi ƙara a aljihun Yaya, ya ɗauka, suka gaisa, na ji ya ce, "Jiki da sauƙi."

A gidan Malam harshena ɗaure yake, amma nan gidan ubana ne, kuma Yaya Inusa tare muka ci ƙasa. Na fizge wayar.

"Sista, ni ce matarsa. Babu sauƙi. Tun mako na biyu da dawowarmu bai ga sauƙi ba. Barci yake ba dare ba rana, yana amai, tuwo yana faɗuwa daga hannunsa, buta ma ya manta sunanta."

Sai ta ce:

"Amma Baba ya ce da sauƙi. Kowane mako ya ce da sauƙi."

"Haka muke cewa. Ko mutum yana kan gargara haka muke cewa."

Na ji ta kira sunan Yesu a hankali, na ji gudun takalminta, sai muryar likitar. Ta bakin Sista ta ce in sa shi ya nuna haƙora. Ya yi, gefen dama na bakinsa ya ƙi tashi. Ta ce in nuna masa abin da ke hannuna ya faɗi sunansa. Ludayi ne. Ya dube shi ya ce, "Abin nan. Abin nan ne." Sista ta ce, "Madam, kada aska ya taɓa shi kwaraa, ko kaɗan. Kada ka ba shi ƙwaya. Ku tafi Tamale yanzu yanzu, Dakta zai kira su."

Yaya ya fara cewa an ɗauko dattijo tun daga gidansa, abin kunya ne a sallame shi haka, a bari a yi ko ƙaho ɗaya. Abin da na gaya masa ranar ba zai rubutu ba, daga baya na ba shi haƙuri. Wanzami ya tattara kayansa rai a ɓace. Motar Yaya an riga an loda mata doyar da za a kai Makango, muka zubar da ita a ƙofar gida, muka shimfiɗa katifa. Wanda ya san hanyar Salaga zuwa Tamale da damina ya san abin da muka sha. Na rungume kansa a cinyata don kada ya bugu da ƙarfe, ina kiransa yana amsawa da hanci, can ya daina amsawa. Nan ne na san abin da ake kira tsoro. Ba mu kai rabin hanya ba sai ga motar asibitin soja ta taro mu, likitar ce ta tayar da ita ta waya tana can kudu. Wannan alheri ba zan manta da shi ba har in mutu.

Aka shiga da shi na'ura ba tare da bin layi ba. Likitan tiyata ya nuna mini hoton, wani abu kamar jinjirin wata a gefen hagu yana danne ƙwaƙwalwa. Kalma ɗaya na riƙe daga bakinsa, sabdural. Ya ce wata 'yar jijiya ce ta tsinke tun ranar hatsari, jini yana ɗiga kaɗan-kaɗan a ƙarƙashin ƙoƙon kai kamar rufin da ke yoyo, ƙwayar da yake watsawa kuma ta hana shi daskarewa, ga sabo ya zubo a kan tsoho. Suka huda ƙashi suka fitar da shi. Da ya fito na tambaye shi ko mijina zai koma yadda yake. Bai yi mini irin namu ba. Ya ce da tun lokacin da ciwon kai ya fara tsanani aka kawo shi, da ƙafarsa zai koma aiki. Yanzu dai an samu rai, sauran sai abin da aka gani.

Mun daɗe a asibitin nan. Soja sun biya aikin, Allah ya saka musu, amma ba su ne ke sayen koko da ƙosai ba, ba su ne ke biyan mota ba. Jarina na man kaɗe a nan ya narke. A baranda nake shimfiɗa tare da sauran masu jinya, sauro ya ci rabonsa, layin karɓar magani kuma ya cinye mini ƙafafu. Kofur ya farka, ya gane ni, hannun dama ya ɗan dawo. Magana ce ta ƙi. Yana sane da abin da yake so ya faɗa, sai wata kalma daban ta fito, ko kuma babu.

Sista Abena ta hawo mota tun daga kudu ta zo. Na yi niyyar in wanke ta tas, in tambaye ta wane irin bincike ne ake yi da kunne ba ido. Da na ga fuskarta sai na kasa. Ta ce kowace Alhamis in ta gama da Baba takan ji daɗi, tana cewa ga ɗaya da ba zai ba su tsoro ba. Muka zauna a kan benci muka yi kukanmu tare. Bayan kwanaki likitar ma ta zo, ta zaunar da ni, ta sa na ba ta labarin tun daga silifas. Suka koma suka sake bugo wa duk gidajen da aka yi ta ce musu da sauƙi. Yanzu ba sa tambayar ya jiki. Sukan ce yau da hannunsa ya ci abinci, ko ya kira wani abu da sunan da ba nasa ba? Kuma lambar mai wanke wa majinyaci kaya suke nema, ba ta babban gida ba. Ta haka suka tsamo wani yaro soja kafin ya faɗi, an yi masa aiki, ya koma bakin aikinsa. Na yi wa uwarsa murna da zuciya ɗaya. Amma ba zan ɓoye ba, duk lokacin da na tuna a kan mijina aka koyi darasin, raina yakan ɓaci. Masu ilimi haka, sun yi tunanin na'ura da jijiya, ba su yi tunanin su tambayi ko tsohuwa ɗaya ta zango, unguwar Hausawa, yadda muke amsa gaisuwa ba.

'Yan'uwana mata, abin da zan ce muku kaɗan ne. In mutum ya bugu a ka, kada ƙafa mai jini ta ɗauke muku hankali. Ku lura da barcinsa da hannunsa da maganarsa, har wata biyu ko uku. Ku amsa wa 'yan dubiya yadda iyayenmu suka koya mana, wannan tsakaninku da Allah ne. Likita ba ɗan dubiya ba ne. In kunyar suruki ta ɗaure muku baki, ku fita waje ku buga wayar da kanku.

An sallami Kofur daga aiki, igiya ta uku ba ta zo ba. Muna Yendi, na koma kasuwa da ɗan abin da Yaya ya haɗa mini. Malam bai taɓa tayar da maganar wayar nan ba, ni ma ban tayar ba, amma tsufa ya sauko masa lokaci ɗaya. A asibiti sun ce a riƙa nuna wa Kofur abubuwa kullum yana faɗin sunansu, wai ta haka wasu kalmomin ke dawowa. Ni na fara, sai Malam ya aiko Hajiya ta ce in bar masa. Yanzu kowace safiya kafin ya zauna da ɗalibansa, yakan sa a fitar masa da ɗansa zaure. Ya ɗaga carbi ya ce mene ne wannan, ya ɗaga alƙalami, ya ɗaga goro. Mutumin da ya karantar da rabin unguwa, ga shi yana koya wa ɗan shekara arba'in sunan goro. Wasu sun dawo, wasu sai sun kwana biyu su sake ɓacewa.

Wata safiya ina shara kusa da taga, kayan da ke gaban Malam suka ƙare. Sai ya dafa ƙirjinsa.

"To, wane ne wannan?"

Kofur ya dube shi. Na rantse ya san shi, a idonsa na gani. Leɓɓansa suka haɗu suka rabu, gumi ya tsattsafo masa a goshi, ya yi ta kokawa. Malam bai taimake shi ba, an ce kada a riƙa taimakonsa. Can ya miƙe ƙirji yadda yake yi a fareti.

"Sa," ya ce, yadda soja yake kiran ofisansa.

Na jira Malam ya gyara masa, kamar yadda yake gyara masa goro da carbi.

"Na'am," in ji Malam.

Har yau haka yake kiran mahaifinsa, Malam kuma yana amsawa.